An Rufe Fuska, An Bar Murya

Malama ta tura ƙofar shagon gyaran gashi, ƙamshin man kitso da zafin na'urar busar da kai suka tare ta. Mai shagon na tsaye a kan wata mata, tsinken tsaga a bakinta.

"A'a, ga tauraruwarmu!" Ta zare tsinken. "Anti, kin ga yadda bidiyonki ke tafiya? Tun safe wayata ba ta huta ba."

"Shi ya kawo ni. Ki cire shi."

A makon jiya aka ɗora wa Malama gashin kanti a wannan shagon, domin maganin kansar da ake ƙara mata a asibiti ya share mata kai tas. Mijinta kaɗai ya sani. Mahaifiyarta, mai hawan jinin da ko tuntuɓe jika ya yi sai an nemo mata ƙwaya, ba ta da labari. Ashe mai shagon ta ɗauki bidiyon ta saka a shafukanta. Sai ɗazu a ɗakin malamai wata abokiyar aikinta ta riƙe mata hannu, ido cike da ƙwalla, ta ce Allah ya ba da lafiya.

"Haba Anti, ai na rufe miki fuska. Dubi." Mai shagon ta miƙo wayar. Ga ƙaton jan fure a inda fuska take, ga ƙoƙon kai yana sheƙi, a ƙasa an rubuta: ku taya 'yar uwarmu da addu'a. "Wa zai gane ki? Ni kaina sai da na ƙura ido."

"Ƙara sautin."

Ta ƙara. Muryar Malama ta cika shagon, da 'yar in'inarta da duk ɗalibanta ke kwaikwayo: "A hankali, tun da aka fara min ruwan nan fatar ba ta son taɓi."

Matar da ake wa kitso ta sunkuyar da kai.

"Wallahi alheri na nufa," in ji mai shagon. "Ki karanta addu'o'in da ake zuba miki. Har daga ƙasar waje!"

"Na gode musu. Uwata ba ta sani ba."

"Ai tsofaffi ba sa hawa nan."

"Ƙannenta suna hawa. Akwai gwaggona da ko akuya ce ta haihu sai ta tura wa dangi."

Wata ta yi dariya, ta yi maza ta haɗiye. Malama ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Ita da ko canjinta mai mota ya riƙe ba ta iya tambaya, yau ga ta a tsakiyar shagon mutane.

"Ki bari zuwa jibi mana, Anti. Yanzu ne masu son gyaran kai suka fara kira."

"Ina nan zaune."

Mai shagon ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, ta danna. Malama ta sa ta buɗe ɗaya shafin, da na ukun, da inda abubuwan da aka goge ke taruwa. Sai da ta ga ko'ina wayam ta miƙe.

A bas ta zauna gefen taga. An goge, amma wanda ya riga ya sauke fa? Da aka zo kwanar gidanta ba ta sauka ba. Ta wuce unguwar mahaifiyarta.

Ta tarar da tsohuwar a tsakar gida, tabarau a kan hanci, tana dangwalar waya da ɗan yatsa.

"Yauwa, Allah ya kawo ki. Gwaggonki ta turo min wani abu, ta ce in kalla in kira ta maza. Sai juyawa yake yi kamar mai ciwon ciki. Buɗe min."

Malama ta karɓa. Ga jan furen nan dishi-dishi, da'irar na zagayawa a kansa, ta kusa cika. Da ta so, dannawa ɗaya, ya ɓace. Za ta iya cewa ai tallar man gashi ce. Mama za ta yarda. Kullum tana yarda.

Ta kife wayar a kan tabarma, ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙwayar hawan jinin da kofin ruwa.

"Me kuma? Na sha da safe."

"Na sani. Ajiyewa zan yi kusa." Ta durƙusa, ta kama hannuwanta biyu. "Mama, zauna sosai. Abin da ke ciki, daga bakina za ki ji shi."