Igiyar Baba Umara

"Ban karɓa ba," na ce. "Sake."

Ina zaune kan turmin da na kifa a ƙofar ɗakin Baba Umara, na yafa farin mayafin matarsa Inna Falta a kafaɗa, wai ni ne likita. Shi kuma yana kan tabarma ya jingina da bango, ramar da yake tufka igiya da ita tana kan cinyarsa.

"To, sake tambayar," ya ce.

Na gyara murya. "Baba, yaya jiki?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Na fizge mayafin na yar. "Wallahi kai dai Babarbare ne! Sau nawa zan gaya maka? Kana cewa da sauƙi, ƙwaya biyu zai ba ka ya ce na gaba ya shigo."

"To me zan ce, Bafillace? Mutum ya gaishe ni in amsa masa da kuka?"

"Ba gaisuwa ba ce. Tambaya ce."

"A rugarku."

Inna Falta tana bakin murhu tana dama ɗan garin rogo. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta kai bakin zane ta goge ido. Ta ce hayaƙi ne.

Ni sunana Ja'afaru. Noma nake yi, da rani kuma ina ɗauko taki a kan jaki. Darni ɗaya ne tsakanin gidana da na Baba Umara, a wani ƙauye gabas da Bici. Kakansa ne ya zo daga Barno ya zauna. Nawa kakan Bafillace ne, ko da yake ko jelar saniya ba mu gada ba. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani shi ya ba ni bakin gaya masa duk abin da na ga dama, alhali ya ba ni shekara ashirin. Shi da Inna Falta ba su da ɗa a raye. Duk igiyar da ke ƙauyen, daga ta guga har ta ɗaure akuya, hannunsa ne.

Wannan kuwa shekarar da fari ya biyo bayan fari ce. Rumbuna sun zama ɗakin ƙadangaru, ana cin dusa ana gode wa Allah. Kowa ya rame, limami ya rame, mai unguwa ya rame. Shi ya sa ban lura ba. Na ɗauka yunwa ce irin ta kowa. Sai ran da na zagaya bayan rumbunsa neman kazata, na same shi a durƙushe yana tura ƙasa da hannu kan abin da ya amayar. Baƙi ne kamar gindin tukunya.

"Tun yaushe?" na ce.

"Kazarka ta bi can," ya ce.

Washegari na tafi ɗakin shan magani wurin Malam Basiru, ma'aikacin da ke duba mu. Ashe sau biyu Baba Umara yana zuwa wurinsa, duka biyun ya ce ɗan ciwon ciki ne, kuma da sauƙi. Da na ba shi labari sai ya dafe kai. Ya rubuta takarda ta zuwa babban asibiti a birni, ya ce likitan ciki ranar Alhamis kaɗai yake zama, ya sa mana Alhamis ta sama, saura kwana tara.

"Ja'afaru, saurara," ya ce. "Mutanen da ke jiran likitan nan sun fi cin kasuwa. Ba zai daɗe da ku ba. Abin da mara lafiya ya faɗa, da shi zai yi aiki. Ku san yaushe ya fara, ina ne yake ciwo, me yake tayar da shi, sau nawa ya ga jini. Duk abin da ya sha, na asibiti da na gargajiya, ku tafi da shi. In tsohon nan ya je ya ce da sauƙi, kun yi tafiyar banza, kuma ban san ran da za ku sake samun shiga ba."

Shi ya sa na zama likita a kan turmi. Kwana uku muna abu ɗaya.

A rana ta huɗu na fusata sosai. Sai ya ajiye tufkar ya dube ni, babu wasa a fuskarsa.

"Ja'afaru, shekara sittin da biyar Allah yana ba ni lafiya, ban taɓa tara mutane na lissafa musu ba. Yanzu don ya taɓa ni kaɗan sai in je gaban ɗan wani in kai ƙararsa? Bakina ba zai iya ba."

Na sauko daga kan turmin. Ni ba malami ba ne, allona ma bai yi nisa ba. Inna Falta ce ta yi magana, ba ta ko ɗago kai ba.

"In bakin ba zai iya ba, ai hannun yana nan."

Muka dube ta.

"Ba kai kake ƙulla igiya kana gane ta wane ce ba? Ta Hadi ƙulli biyu, ta liman ƙulli uku? To ƙulla ciwon. Ba ka ce komai ba, ba ka kai ƙarar kowa ba. Igiya ce."

Ya ɗauki rama yana murzawa. Can ya ce, "Tsohuwar nan da namiji ce da ta yi alƙalanci."

Muka shirya: ran da ciwo ya hana shi sukuni, ƙulli ɗaya. Ran da ya yi amai, ƙulli biyu a haɗe. Ran da ya ga jini, ya cusa jan tsumma a ƙullin. Ni kuma na bi ɗakin na tattara duk abin da yake sha cikin tsohon buhu: jar kanwa, sassaƙen itatuwa kala huɗu, ƙwayoyin 'yan tallan kasuwa masu ja da rawaya, da wata kwalba da ko shi bai san mene ne a ciki ba.

"Wannan fa?"

"Wani Bafillace ne ya ba ni."

"Na shanu ne ke nan. Ka ga abin da ya kwantar da kai."

Ran Alhamis da sassafe na shiga in ɗauke shi. Sai ga mutumina ya fito cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya sa hula ya karya ta, ya zizara kwalli, turare yana tashi. Har gemu ya taje.

"Wannan kuma mene ne? Ɗaurin aure za mu?"

"Wurin babban mutum za mu."

"Ka koma ka sa tsummanka! Likita ya gan ka haka ai sai ya ce kai ka kawo ni."

"Kai ɗin ma a duba ka, ba laifi. Kanka ba daidai yake ba." Ya gyara hannun riga. "Na yarda da igiya, na yarda da buhu. Amma ba zan shiga birni kamar abin tausayi ba."

Inna Falta ta ce, "Ƙyale shi, Ja'afaru. Tun jiya nake bugun rigar nan."

Na ɗora shi kan jaki har bakin titi, muka shiga motar kiya-kiya. A asibiti muka zauna kan benci tun hantsi har bayan azahar. Ina kallonsa, gumi yana tsattsafo masa a goshi, ya damƙe gefen bencin, amma duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi.

Da aka kira mu, likitan matashi ne, ya gaji, idonsa na kan takarda. Ya ɗago ya ga babbar riga da kwalli.

"Sannu Baba. Yaya jikin?"

Na taka masa ƙafa.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba Umara. "Da sauƙi."

Likita ya jawo takardar rubuta magani. Na buɗe baki zan yi magana, sai Baba Umara ya ɗaga mini hannu. Ya cusa ɗaya hannun cikin aljihun riga, ya fara zaro igiya. Yana zarowa tana fitowa. Ni na san ta kwana biyar ɗin da suka rage muka ce. Wannan kuwa ta fi gaba uku, ta taru kan tebur kamar maciji, jajayen tsummoki sun cika rabinta. Ashe su biyu suka zauna da Inna Falta suka koma baya, tana tuna masa yana ƙullawa.

Likita ya ajiye biro. "Baba, mece ce wannan?"

"Igiya ce, ɗana. Rama ce, tufka uku." Ya kama bakin farko. "Nan ranar shukar bara ce. Ka ga ƙullin jefi-jefi ne. Nan huɗar gero. Nan azumi, nan ne aka fara biyu-biyu, wato abinci ya ƙi zama. Wannan jan na farko, ran kasuwar Ɗambatta ne bayan Babbar Sallah."

"Jan me ke nan?"

"Jini."

Haka ya bi ta ƙulli-ƙulli, kamar yana nuna wa mai saye aikinsa. Bai ce wayyo ba, bai ce ina jin jiki ba. Likita ya ja kujera ya matso, yana bin igiyar da yatsa yana tambaya yana rubutu. Mai kiran layi ta leƙo, ya ce ta dakata. Ya zazzage buhuna ya ware ƙwayoyin kasuwa gefe, ya ce waɗannan ƙara huda ciki suke yi. Sannan ya kwantar da Baba Umara ya tuɓe masa rigar. Ni na ga haƙarƙarin, na kau da kai. Ya danna ƙasan ƙirji ya daɗe a wurin, sannan ya tura mu ɗaukar hoto.

Bayan la'asar likita ya so ya ja ni waje. Baba Umara ya ce, "Faɗa a nan, ɗana. Bafillacen nan ba ya riƙe magana."

Likita ya ce tsiro ne a ciki, kuma ya yi nisa, ya wuce aiki. Ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, ba shi da abin cire shi. Amma yana da abin da zai kashe zafin, ya tsayar da aman, ya bar shi ya yi barci ya sha kunu. Ya ce maganin kaɗan ne a asibitin, ba kowa ake ba ba. "Da na tsaya kan amsarka ta farko, Baba, da ban ba ka ba."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baba Umara. Ya naɗe igiyarsa ya mayar aljihu.

A mota ban ce uffan ba. Haushin kaina nake ji, shekara guda darni ɗaya tsakaninmu. Ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Likitan turmi, ya ka yi shiru? Ai na ci jarrabawar."

Kwana ashirin da shida ya yi bayan nan. Ya yi barci har da minshari, ina jiyo shi ta darni da tsakar rana. Ya sha kunu ya zauna. Sau biyu ya je masallaci da ƙafarsa. Da hantsi yakan fito gindin darbejiya ya ci gaba da tufka, a hankali, yana hutawa. Ran wata Talata, bayan an yi yayyafin farko ƙasa tana ƙamshi, Inna Falta ta leƙo ta kan darni ta ce, "Ja'afaru, zo ka gyara wa abokinka kwanciya." Na gane. Ni na rufe masa ido. Akwai sauran kwalli a ciki.

Bayan addu'ar bakwai ta kira ni ta miƙo mini igiyar. Ashe a kanta ya ci gaba da tufkar. Na zauna kan turmin na bi ta da hannu, daga shukar bara, na wuce azumi, na wuce jajayen tsummokin ɗaya bayan ɗaya, har ƙullin ranar Alhamis. Daga nan sai ta miƙe sumul, kamu huɗu da ɗan wani abu, babu ƙulli ko ɗaya. A can ƙarshe zaren rama uku ne a warware, yadda ya ajiye su.