Darasin Kallon Ido

Ina da wani ɗan rauni: in aka ce akwai taron bita a otal, ba na tambayar a kan mi za a yi, sai dai ƙarfe nawa ake ba da abinci. Ta haka na wayi gari ni ne malamin ba da shawara kan sana'a a makarantarmu ta Ƙofar Kaura, bayan na yi shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa ban cuci kowa ba.

A wurin bitar, wani matashi mai kwat ya haska mana majigi, ya ce ba abin da ke hana yaranmu samun aiki sai sunkuyar da kai. Wai in ka shiga intabiyu ka tsaya ƙyam, ka damƙe hannun mai ɗaukar aikin, ka kalle shi ido cikin ido, ka faɗa mashi abin da ka fi kowa iyawa. Muka tafa. Ni na fi kowa tafi, don na hango an fara jera kuloli.

Na dawo na tasa 'yan ajin ƙarshe gaba, na kuwa sha wahala. Yaron da tun yana rarrafe ake koya mashi kallon ƙasa gaban manya, ka ce ya kalli ƙwayar idonka, sai ya kalli hularka, ko fanka, ko ƙadangaren da ke bango. Mutum ɗaya ne karatun ya shige shi, Yazid. Ya ƙware har ta kai in mun haɗu a baranda ni ke fara kau da kai.

Da suka gama jarrabawa, sai aka ji Alhaji Mati, dilan shadda a Babbar Kasuwa, na neman wanda zai riƙa shigar mashi da kaya cikin kwamfuta. Yazid ya ƙwallafa rai ga aikin. Babanshi ya yi ritaya, ga ƙanne, kwamfuta kuma ya iya ta. Na dafa kafaɗarshi na ce, "Je ka yi yadda na koya maka."

Da la'asar sai ga shi a ƙofar gidana.

"Malam, korata ya yi."

"Ka dai ba shi hannu?"

"Na ba shi. Na damƙe har sai da carbinshi ya faɗi."

"Idon fa?"

"Ko ƙiftawa ban yi ba, Malam. Na ce mashi ni ne mutumin da shagonshi ke jira. Sai ya ce a sansana bakina a ji ko na sha wani abu."

Washegari na sa babbar rigata ta Juma'a muka tafi tare. A hanya ina ta shirya jawabi kan yadda duniya ta ci gaba. Muka iske Alhaji kishingiɗe bisa darduma tsakanin bandiran shadda. Tun daga bakin shago na tuɓe takalmi, ban kuma san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Na gaishe shi da kwana, da kasuwa, da iyali, da ƙarfin jiki, da jama'a, duk ina magana da babban yatsan ƙafarshi.

"To ka gani?" in ji Alhaji, yana nuna ni ga Yazid. "Malami guda, da furfurarshi. Kai kuwa jiya ka faɗo mani kamar ɗan sanda ya zo kame. Har yanzu hannuna na ciwo. Malam, don Allah wa ke lalata mana yaran nan?"

Na ji idon Yazid a ƙeyata. Irin kallon da na koya mashi ne, ba ƙiftawa.

"Waya ce, Alhaji," na ce. "Wayar hannu."

"Na faɗa! Ai ni na sani. Can suke ganin wannan fitsarar."

Na yi ta ba da haƙuri, na ce yaro ne mai ladabi, tsautsayi ne ya hau shi. Ina cikin haka na ji motsi a bayana. Yazid ne ya sauko a hankali, ya durƙusa, ya samu wani zare a dardumar ya tsare shi da ido. Alhaji ya dube shi, ya ja carbi, ya ce to ya zo Asabar ya fara. Amma da sharaɗi: in riƙa zaunar da shi ina koya mashi yadda ake shiga gaban manya. Na ce ai aikina ne.

Muka fito ta layin masu hatsi. Sai da muka kai bakin titi Yazid ya ce, "Malam, in tambaye ka?"

"Ina ji."

"Ranar da ka je taka intabiyun, wanne ka yi? Durƙuso ko kallon ido?"

"Kowane wuri da irin tsarinshi, Yazid," na ce, na tare mai kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku, na haye tun bai gama tsayawa ba.

Ni ban taɓa shiga intabiyu ba. Kawuna ne ya kawo mani takardar ɗaukar aiki har gida, ina barcin rana.