Allurar Inna Tabawa

Jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ni nas ce, irinmu 'yan wucin gadi, yau wannan asibiti, gobe wancan. To, sai ga ni a wani asibitin da ba ya ɗaukar ma'aikata, aro yake yi a maƙwabta kamar turmi. Da an kaɗa ƙararrawa, masu abu su zo su kwashe abinsu.

Shugabar ɗakin zabuwa ce mai farar hula. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya daga hannunsu yake hawa ya cika leda, kowa ya ce madalla, sauƙi ya samu.

A gado na bakwai akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa. Ta riƙe min hannu ta ce, "'Yar nan, jikina ba ya karɓar allurar fenisilin, maƙogwarona take toshewa. Ke kaɗai na gaya wa." Ga shi kuwa an rubuta a yi mata ita ƙarfe biyu.

Na ruga wurin likita. Ina cikin bayani ƙararrawa ta kaɗa, aka naɗe shi kamar tabarma aka fita da shi. Wanda aka kawo madadinsa ni yake tambaya ina ne ƙofa. Kafin in kai ga sunan allurar, shi ma an kwashe shi. Na ɗauko katinta in rubuta, zabuwa ta ce an ba wani asibiti aron birona tare da hannuna na dama. Na duba, wallahi babu hannun.

Agogo ya tsallake ƙarfe ɗaya, ya dira kan biyu saura. Wata sabuwar nas ta shigo da sirinji tana fara'a, ba ta san sunan kowa ba. Na buɗe baki, zabuwa ta ce, "Muryarki ta tashi daga aiki tun sha biyu."

Ƙarar wayata ce ta tashe ni. Saƙo ne, wai yau an tura ni wani asibitin a bayan gari. Ina zaune ina salati, sai na tuna: Inna Tabawa ba a mafarki take ba. Jiya da rana da gaske ta riƙe min hannu ta gaya min zancen allurar, na ce zan rubuta, aka kira ni wani ɗaki, lokacina ya cika na taho gida.

Na hau lalube a waya. Kwana biyu kacal na yi a asibitin da take kwance, lambar ko mutum ɗaya ba ni da ita. Allurar safe ƙarfe takwas ake yi. Na duba agogo, takwas saura kwata.