Ƙyallaye a Taga

Tela maƙwabcina ya daɗe yana mita, wai warin kashin 'yan tsakina yana kama kayan mutane. Na ce ya yi haƙuri, kullum ina sauya garin katakon da ke ƙarƙashinsu.

Ran Talata na buɗe ɗakinsu, hayaƙin gawayin da ke ɗumama su ya buge ni. Ɗari biyu, duk sun mutu. An toshe tagar shan iskarsu da ƙyallayen ɗinki.

Na kwashe su a buhu, na ɗauki shebur. Saran farko ya samu kekensa, na biyu ya sauka a yatsunsa. Yana ihu na zazzage buhun a kan yaduddukansa.

Na ce, "Malam, sai gobe za ka san wari."