Hancin Sowah

Da matasan Bukom suka gama zana gwarzayen damben unguwa a bangon kasuwar kifi, sai aka ga babu fuskar Ataa Kwei. Tsohon ɗan damben ya ajiye komar kamun kifin da yake ɗinki, ya zo ya tsaya yana kallo.

"Ataa, kar ka ji haushi," in ji Adjetey mai zanen. "Masu kambu kawai muka sa. Kai kuwa ko na kwali ba ka taɓa ɗaurawa ba."

Mata masu suyar kifi suka kwashe da dariya.

Gaskiya ne, alƙalai sun sha kayar da Ataa da maki, amma ba a haifi wanda ya kai shi ƙasa ba. Ya nuna hoton Sowah, zakaran da ya ciwo kambu a Turai.

"Yaro, wa ya ce maka hancin nan a miƙe yake? Wannan kafin ya gamu da ni ne."

Ya fizge burushin daga hannun Adjetey, ya karkata hancin zuwa hagu. "Ku riƙe bangonku, aikina yana kai."

Adjetey ya rantse sai ya goge. Da yamma Sowah ya zo da sandarsa, ya duba, ya shafa karkataccen hancinsa, ya ce kada wanda ya taɓa.