Ɗigon da Maharazu Ya Dasa a Mai'adua

Maharazu malamin lissafi ne a wata sakandare a Daura, amma da an tashi makaranta ba shi da aiki sai rungumar kwamfuta, yana haɗa 'yan manhajojin da babu wanda ya sa shi. A bana taswira ce ta shiga ransa. Ya gano wani kamfani a intanet da ke bai wa masu irin wannan ƙaiƙayin hannu damar jona manhajarsu da taswirarsa. Ka dasa ɗigo inda kake so, ita kuma ta ja shuɗin layi ta kai mutum har wurin. Duk faɗin duniyar nan, bawan Allah ya rasa inda zai gwada abin sai a kan aurensa.

Mardiyya yake nema, 'yar Malam Kalilu na Mai'adua. A gidan yayarta nan Daura yake zuwa zance, yanzu kuma an sa ranar da manyansa za su je tambaya wurin uban. Kawu Sada ya ce a haɗa su da wanda ya san gidan. Maharazu ya ce ai an wuce wannan zamani, waya ce za ta kai su.

To, lungunan Mai'adua ba su fito sosai a taswirar ba, dole sai ya je da ƙafarsa ya tsaya a wurin ya danna. Ya hau babur ya je, sai ya hango Malam Kalilu zaune a dakalin ƙofar gida da abokansa. Wane mara kunya ne zai tsaya gaban surukinsa yana ɗaga waya sama? Ya sunkuyar da kai ya zagaya ta lungun baya, inda kwatamin gidan yake. Ya toshe hanci, ya raɓe jikin katanga, ya danna, ya fita a guje yana tofar da yawu. A lissafinsa gida ai duk gida ne.

Ranar tafiya an kwana ana ruwa. Kawu Sada da Baffa Maliki suka sha shadda mai sitati, suka ɗauki goro da alawa. Maharazu na zaure yana kallonsu a kwamfuta suna bin layi tiryan-tiryan har suka hau kan ɗigon. Don daɗi har tafi ya yi.

Bayan la'asar wari ya riga su shigowa. Kawu Sada ya bayyana cikin jallabiyar aro wadda ko ƙwaurinsa ba ta rufe ba, ya wurgo masa wata baƙar leda. Ta fashe a kan tabarma. Babbar rigarsa ce, ta sha baƙin taɓo mai yauƙi, ga gashin kaza, ga tsutsotsi farare suna motsi a cikin aikin wuyan.

"Har ƙugu na faɗa!" in ji Kawu Sada. "Wayarka tana cewa mun iso, ni kuwa ina cikin kwatami, yara na leƙowa. Tir da wannan ilimi naka!"

"Kawu, a yi haƙuri. Zan gyara ɗigon yanzu."

"Bar gyaran," in ji Baffa Maliki a hankali. "Malam Kalilu mutumin kirki ne, ya ba da ruwa da sabulu da riga. Da ya tambayi abin da ya kai mu lungun, na nuna mishi wayar, na ce kai da kanka ka je ka tsaya a wurin. Ashe tagar ɗakin 'yan matansa a wannan katangar take."

Baffa Maliki ya ajiye ƙunshin goron a gaban Maharazu, ko kwance shi ba a yi ba.

"Ya ce a tambaye ka, tun yaushe kake zuwa can?"