Waya a Bakin Dillali

Kawu Ɗan Asabe ya ajiye filaya a kan tabarma, kusa da kofin kunun da Imrana ke zuƙa da siririn bututun roba.

"Ɗaga leɓe in gani. Wayar nan yau za ta fita."

Imrana bai motsa ba. Tun ranar da wani bijimi ya kai masa kaho a muƙamuƙi, yana cikin buɗe masa baki don duba haƙora, likita ya ɗaure haƙoransa na sama da na ƙasa da waya. Ya ce ƙashin ya karye, in aka kwance kafin ya haɗe, bakin zai karkace har abada.

"Yau Talata, kuma kasuwar ƙarshe kafin Layya," in ji Kawu. "Dillali ba baki, mi ya rage mai? Shanun mutanen Damaga na hanya. Ko ka buɗe baki, ko in ba yaron nan Sadi wurinka."

Baraka, matar Imrana, ta leƙo daga ɗaki. "Kawu, a bar mini ita. Tun da aka ɗaure bakin nan kunnena ya huta."

"Ke, ba wasa ya kawo ni ba."

Imrana ya dubi kawun nasa. Haɓarsa a karkace take tun yana saurayi, lokacin da saniya ta shure shi, mai ɗori ya ɗaure masa da tsumma, shi kuma ya kwance don kada kasuwa ta wuce shi. Mutumin da ya tsufa cikin shanu, amma nama sai an daka masa.

Maganar Imrana ta fito ta tsakanin haƙora, a daƙile. "Kawu, naka bakin, gaggawar wace kasuwa ce?"

Tsohon ya miƙe ba sallama. Filayar ma ya manta da ita.

Da hantsi Imrana ya shiga karar shanu ta Mafara da igiya a kafaɗa. Sadi ya riga ya tsaya a wurinsa yana ta zuba wa wani Alhaji kirarin wani bijimin sa. Alhajin ya ce shi ba kirari ya zo saye ba, a nuna masa haƙora. Sadi ya dubi kahon, ya dubi fuskar Imrana da ba ta gama sacewa ba, ya ce ai shekarun sa a ido ake gani.

Imrana ya ratsa su. Ya zarge kahon, ya ɗaure shi tam a jikin turke, ya dabaibaye ƙafafu, sannan ya tsaya ta gefe, ba ta gaba ba.

"Yau ga dillali mai tsoron sa," wani ya ce. "Sai a kawo mai zane ya ɗaura."

Aka kwashe da dariya. Imrana bai waiwaya ba. Ya kama hancin san, ya ja leɓen ƙasa, haƙora suka bayyana. Alhajin ya sunkuya ya duba, ya miƙo masa hannu.

Can bakin rumfa Kawu na tsaye, hannunsa a kan haɓa. Imrana ya je ya zaro filayar daga aljihu, ya sa masa a tafin hannu, ya koma wajen sa na gaba yana warware igiya.